Riɗi: fari, baƙi, da man da ake ɗura muku a kwalba

Wata uwa daga Gwammaja ta ce ɗanta mai shekara 3 ya rame, an ce ta riƙa ba shi riɗi, tana tsoron kada ya yi masa illa.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Riɗi abinci ne mai gina jiki: kusan rabinsa mai ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar furotin, ga kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da sinadarin ƙara jini. Sai dai yawancin kalsiyam ɗin a ɓawo yake, don haka kada ki nemi surfaffe wanda ya yi fari fat. Ki rege shi, ki shanya, ki soya sama-sama, ki daka, ki zuba cokali ɗaya a kunu. Wanda ba a daka ba, yadda ya shiga haka yake fita. Ki fara da kaɗan, domin akwai jikin da ba ya karɓarsa. In kika ga ƙuraje ko kumburin leɓe, ki daina, ki nufi asibiti. Ramar ma a kai wa likita ya duba.

Wani saurayi daga Kurna kuwa yana so ya sayi baƙin riɗi, wai an ce yana warkar da ciwon suga.

Wa ya ce? Mai sayarwa? Malam, fari da ja da ruwan ƙasa da baƙi duk riɗi ne, iri ne ya bambanta, kuma yawan irin nan alheri ne ga manomi: wani ya fi nuna da wuri, wani ya fi mai. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi da ke jihar Neja ta fitar da ingantattun iri kamar NCRIBEN-01M, dillalan kasuwar Dawanau ta Kano masu kai kaya Japan da Sin da Turkiyya kuma fari suke bi. Karkashin da kake sha a miya ma danginsa ne. Baƙi ya fi ɗan ɗaci, ka ci in kana so. Amma kada ka sake ka ajiye maganin likita.

Sai mai tambaya ko ta sayi man riɗin da ta gani da araha a kasuwa.

Kada ki saya. Wannan abu ya ishe ni. Ki yi lissafi da kanki: ko injin zamani ba ya tatso mai fiye da rabin nauyin riɗi, na unguwa ma bai kai haka ba. Kin san kuɗin kwano yau. To, ta yaya kwalba za ta fi riɗin da ya cika ta araha? Man gyaɗa ne ko na girki aka sirka, aka ɗiga ɗan na gaske don ƙamshi, aka manna takarda mai hoton ganye. Mu kuma da mun ji "sauƙi" sai hankali ya tafi, a kwaso a shafa wa jariri! Riɗin kansa ma bai tsira ba: wasu yashi suke haɗawa, wasu su yayyafa ruwa ya yi nauyi, ya je gida ya yi fumfuna. Ki zura hannu har tsakiyar buhu, ba saman da aka gyara ba. Ki murza a tafin hannu ki ga ko ƙasa za ta fito, ki shinshina, ki tauna. Mai warin rima ko na maganin ƙwari, ko kyauta ne a bar shi. In mai kike so, ki sayi riɗinki, ki kai inji, ki tsaya a tatse a gabanki.