Bayan an cire wa mijina bututun numfashi ya fara haki

Tambaya: Likita, maigidana ya yi kwana 12 a kan na'urar numfashi bayan hatsarin mota. Wata guda da sallamarsa ya fara haki, numfashinsa na ƙara. An ce asma ce, yana ta shaƙar magani ba sauƙi. Yanzu likitan maƙogwaro ya ce sai tiyata. Ina tsoron muryarsa ta tafi.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Bututun na'urar numfashi, idan ya daɗe a maƙogwaro, yana danne bangon hanyar iska ƙasa da tantanin murya, daidai zoben guringuntsin da ba ya buɗewa. Wurin ya yi rauni, ya warke da tabo, tabon kuma yana tsukewa a hankali cikin makonni.

Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan "asma ce". Kullum sai na ji ta. Mutumin da bai taɓa asma ba, aka cire masa bututu jiya-jiya, sai wani ya miƙa masa abin shaƙa ba tare da ya leƙa maƙogwaronsa ba! Ƙarar asma daga ƙirji take, galibi lokacin fitar da iska. Ta wannan cuta a wuya ake jin ta, har lokacin jan iska. Maganin shaƙa yana sassauta tsokar ƙananan hanyoyin huhu ne, ina ruwansa da tabo? Mafi muni masu ɗora mara lafiya kan prednisolone, maganin rage kumburi: kumburi ya ɗan sauka, a ce an samu sauƙi, hanya na ci gaba da rufewa. Mutum kan fara haki da aiki idan faɗin hanyar ya koma kusan milimita 8, idan ya kai 5 ko a zaune ƙara yake. A nan majina kaɗan ta isa ta toshe shi. Alhali siririyar kyamara ta hanci, cikin 'yan mintoci, take nuna komai.

Tiyatar iri-iri ce. Gajeren tabo ana tsaga shi da leza (haske mai yanka) ta baki, a buɗa da balan-balan, amma yakan dawo a maimaita. Mai tsawo ko mai tauri, a yanke wurin a haɗa bakin biyu, wani lokaci a ɗinke haɓa da ƙirji kamar mako guda don kada ya miƙe wuya. Murya takan yi kauri ko ta rage ƙarfi, ba kasafai take tafiya ba.

Kafin ranar aikin, idan ya kasa ƙarasa magana da numfashi ɗaya, ko leɓensa ya sauya launi, ku tafi sashen gaggawa nan take, ku gaya musu an taɓa sa masa bututu.