Tukunyar karnuka daban take

Jiya muna wanke kwanoni ka ce da ni, "Maigida, me ya sa muke ɓata gero da itace muna ɗora wa karnuka tukunya daban, ga sauran tuwo da miya kullum a cikin gida? Ai kare ba ya zaɓen abinci." Gaskiyarka, ba ya zaɓe. Shi ya sa kai za ka zaɓa masa. Zauna, yaro, ka ji.

Tuwon ba shi da laifi. Miyar ce matsala. Mu nan Tawa Allah ya hore mana albasa, ta Galmi har ƙasashen waje ake lodinta, kuma babu matar da za ta kaɗa miya ba ta yanka biyu ko uku ba. To albasa, ɗanya ko dafaffa, guba ce ga kare, haka ma tafarnuwa. Tana farfasa ƙwayoyin jininsa a hankali. Ina da wata karya ja, irin ta Azawak, wato dogayen siraran karnukan farautar nan, da na karɓo tana kwikwiya daga wajen Buzaye a Abalak. Aka yi biki a unguwa, aka yi ta kawo mana ragowar shinkafa da miyar albasa kwana uku, ni kuma ina murna na huta da sayen gero. Rana ta huɗu ta ƙi tashi. Na ɗaga leɓenta, dasashin da na sani ja ya koma fari fat kamar takarda, fitsarinta kuwa launin shayi. Kafin likitan dabbobi ya iso aikin gama ya gama. Tun ranar ban ƙara zuba wa kare miyar mutane ba. Ka haɗa da gishirin da ke ciki, da magi, da tonka, duk ba nasa ba ne. Goro da ganyen shayi ma ka kawar da su daga inda bakinsa zai kai.

Buzayen da suka riƙe waɗannan karnuka tun kaka da kakanni ba buhun abincin Turawa suke saye ba. Gero ne da nono, sai ɗan naman abin da aka farauto. A kan wannan muka ɗora namu. Ka tafasa nama da tumbi da kan akuya ba gishiri, ka tsame, ka tuƙa garin gero a cikin romon har ya nuna sosai, don ɗanyen hatsi cikinsa ba ya narkar da shi. Ka jefa kabewa ko dankali su nune tare. Naman kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku na kwanon, in hali ya yi ma rabi, domin kare ba akuya ba ne, gero zalla ƙoshi kawai zai ba shi, gashi ya bushe, ƙarfi ya tafi. Hanta ɗan yanki, sau ɗaya ko biyu a mako. Ƙwai dafaffe yana da kyau, ɓawon ma kada ka yar: ka shanya, ka daka ya yi laushi, ka barbaɗa ɗan kaɗan, yana gina ƙashi. Madara sabuwar tatsa tana sa babban kare zawo, nono mai tsami ya fi kwanta masa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. In ka je kwata, za ka ga huhu ko hanta mai ƙulli-ƙulli cike da ruwa, wadda aka ware ba a sayarwa. Wani zai ce ka kwashe kyauta, ai na kare ne. Kada ka karɓa. Waɗannan ƙulle-ƙullen 'ya'yan tsutsa ne. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fito a kashinsa, yaro ya yi wasa a ƙasar ya kai hannu baki, bayan shekaru a tarar da jakar ruwa a hantarsa, sai an yi masa aiki a asibiti. Saboda haka duk kayan ciki sai sun ga wuta, kuma kowane wata 3 a ba kare maganin tsutsa. Allurar haukan kare kuwa daga wata 3 da haihuwa ake fara ta, ba a wasa da ita.

Ƙashi kuma akasin haka ne. Dafaffe ko gasasshe, musamman na kaza da zabo, yana tsagewa kamar tsinke ya soke hanji. In za ka ba shi, babban ƙashin saniya ɗanye wanda ba zai iya haɗiyewa ba, ya yi ta gwaguya, ka ɗauke kafin ƙuda su taru.

Babban kare sau 2 a rana ya ishe shi. Kwikwiyo sau 4, a rage zuwa 3, har ya kai wata 6. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ba su da sassafe da kuma bayan magariba, abin da ya rage a zubar, don tuwon romo ba ya jimre rana. Ruwa kuwa kada ya yanke a inuwa, kare mai kilo 20 yana shanye fiye da lita ɗaya ko ba a zafi. Kuma kada ka cika masa ciki sannan ka fita da shi gudu. Karnuka masu zurfin ƙirji irin namu cikinsu na iya murɗewa.

Masu saye za su zo su ce karnukanmu sun rame, ga haƙarƙari a waje. Ka bar su. Ɗan Azawak haka Allah ya yi shi, tsakanin kilo 15 da 25, in ka daina ganin haƙarƙarinsa to ka ɓata shi. Ni gashi nake dubawa, da ido, da kashin da ya yi da safe: in ya fito a dunƙule ka ci gaba da yadda kake, in ya yi ruwa ka tuna me ka canja jiya.

Gobe da asuba kai za ka je kwata. Ka sayo tumbi da kai biyu da hanta, ka juya hantar ka duba ta ciki da waje kafin ka biya.