Amsa: Shin duban katin tarot al'adar Indiya ce?

Malama, kin tambaya ko tarot asalinsa Indiya ne. A'a, wasan karta ne na arewacin Italiya tun ƙarni na 15, sai a ƙarni na 18 Faransawa suka mayar da shi abin duba. Kati 78 ne: manya 22, ƙanana 56. Mai duba yakan gauraya su, ya zaro uku: jiya, yau, gobe.

Indiyawa dama sun saba da duban taurari kafin aure, shi ya sa manhajoji irin Astrotalk, masu haɗa mutum da masu duban taurari da na tarot ta waya suna cajin kuɗi bisa minti, suka samu kasuwa. Abin takaicin, bayanin yakan dace da kowa, kuma idan aka tsorata mutum sai a ja hirar, a sayar masa da duwatsun "kariya".