Tambaya da Amsa: Ɗana Yana Faransa, Ya Daina Ɗaukar Waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya tafi Faransa karatu bara. Da farko kullum muna waya, yanzu sai a yi kwana goma bai ɗauka ba. Abokin zamansa ya ce ya rame, a kwance yake yini, makaranta ma ya bar zuwa. Dangi na cewa kurciya aka yi masa. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Bagalam, Maraɗi

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Alamun nan sun yi kama da ciwon tsananin damuwa, kuma yana da magani. Kewar gida tana zuwa ta tafi, mai ita yana ci yana sha yana aikinsa. Amma in aka kai sati 2 mutum yana cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci sun lalace, to abin ya wuce kewa. Baƙo ya fi shiga wannan hali: ba dangi, ba majalisa, ga fargabar takardun zama, ga sanyi. A Paris cikin Disamba hasken rana bai wuce awa 8 da ƴan mintoci ba.

Ki ci gaba da addu'a, amma kada zancen kurciya ya jinkirta ganin likita. Ki roƙi abokin nan ya raka shi da ƙafarsa, domin mai wannan ciwo ko wanka nauyi yake yi masa, balle neman asibiti. Su fara da likitan jami'a ko na unguwa, a auna jini, don ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙoshi (wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo) suna kawo irin wannan kasala. Akwai cibiyoyin gwamnati na lafiyar ƙwaƙwalwa da ake kira CMP, ba a biyan kuɗi, sai dai layi kan yi tsawo, gara a rubuta suna da wuri.

In an ba shi magani, nan ake yawan kuskure. Ba ya nuna aiki sai bayan sati 2 zuwa 4, wani har 6, kuma a kwanakin farko yana iya sa tashin zuciya ko ciwon kai. Sai mutum ya ce ba ya aiki, ya jefar. Wani kuma da ya ji sauƙi sai ya daina, ciwon ya dawo. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, likita ne zai rage shi sannu a hankali. Tramol da ƙwayoyin barci kuwa ƙara dagula lamarin suke yi.

Naku aikin a gida babba ne. A dakatar da roƙon kuɗi da zancen “mun sayar da gona saboda kai”, wannan magana tana kashe masa jiki fiye da yadda kuke zato. Ki riƙa tura masa gajeren saƙon murya kullum a lokaci guda, ko bai amsa ba. Ki nuna masa ko ya faɗi jarrabawa ɗanki ne. Abokin ya riƙa fitar da shi tafiyar ƙasa ta minti 30 da rana, su je Juma'a tare, ya haɗu da ƴan Nijar.

Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin a rai. In ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai, a kira 3114, layin kyauta ne dare da rana a Faransa, ko 112 in abin na gaggawa ne.