Tambaya da Amsa: Sifirin ɗin almakashin datse rassa ya ɓata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da almakashin datse rassan itatuwa, kaifinsa lafiya lau, amma sifirin ɗin da ke tsakanin hannayensa ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, na neme shi har na gaji. Yanzu duk yanka ɗaya sai na sa yatsa na buɗe shi. Yana gyaruwa, ko sai sabo? Daga wani mai lambu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Yana gyaruwa, kuma aikin bai kai na minti goma ba idan ka samu sifirin da ya dace. Samun wanda ya dace ɗin shi ne aikin.

Buɗe almakashin ka duba cikin hannayensa, kusa da notin tsakiya. Za ka ga ɗan turke a kowane hannu, suna kallon juna. A kansu sifirin yake zama. Idan akwai sunan kamfani a jiki, fara neman nasa na asali. Kamfanin Felco na ƙasar Suwizalan, alal misali, yana sayar da kowane sashe daban da lambarsa, sifirin ɗin Felco 2 lambarsa 2/91. Idan babu suna, sai awo.

Awo uku za ka yi da rula mai milimita. Na farko kaurin turken, domin bakin sifirin ya shige shi daram. Na biyu tazarar da ke tsakanin gindin turakun biyu idan almakashin yana buɗe har ƙarshe. Sifirin ya fi wannan tazarar tsawo da milimita 3 zuwa 5, yadda ko a buɗe zai kasance a ɗan matse. Wanda ya zo daidai cif, ko ya gaza, zai riƙa lilo har ya sake faɗuwa.

Awo na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ke ɓata gyara: tazarar turakun idan almakashin yana rufe. Matse sabon sifirin da filaya har zobbansa su haɗu, ka auna. Dole tsawonsa a matse ya gaza wannan tazarar. In ya fi ta, sifirin zai toshe hannayen tun kafin bakin almakashin ya gama haɗuwa, sai ka ga reshe ya yanku saura ɗan ɓawo yana reto, maƙullin ma ya ƙi shiga. Da yawa sukan ɗauka dakushewa ce, su yi ta wasa baki a banza.

Game da iri, mun fi son wanda aka naɗa da siririn ƙarfe mai faɗi, mai kama da katantanwa, mai ciki a tsakiya da tsini a bakuna biyu. Zobbansa suna shigewa cikin juna, saboda haka yana matsuwa sosai ba ya karkacewa. Na waya ma yana yi, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, amma kada tsawonsa ya wuce faɗinsa sau 4. Dogo siriri yakan lanƙwashe gefe idan an matsa, daga nan sai tsalle.

Idan na waya ka samu kuma ya yi tsawo, rage shi zobe ɗaya ɗaya kana gwadawa. Ka sani duk zoben da ka cire, sifirin ƙara tauri yake yi, kuma mai tauri da yawa gajiyar da hannu yake kafin a gama bishiya ɗaya. Goge bakin da ka yanke da magagari ya kwanta. Idan da injin wasa ne, riƙa tsoma shi a ruwa, don idan ƙarfen ya yi zafi da yawa wuta za ta kashe shi, ba zai ƙara dawowa ba.

Wajen sawa, goge turakun, ka buɗe hannayen gaba ɗaya. Cusa baki ɗaya a turke kana ɗan murzawa, ka matse sifirin da yatsu, ka ɗora ɗayan bakin. Yi wannan a cikin farar leda mai nuna ciki, in ya kuɓuce a nan zai tsaya, bai tafi idonka ba. Idan bakin ya yi wa turke yawa, ɗan matse zoben ƙarshe da filaya ya kama.

Tambaya: Na sa sabon sifirin amma almakashin ba ya buɗewa da kansa. Me ya jawo? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, da wuya laifin sifirin ne. Cire shi, ki riƙe hannu ɗaya na almakashin ki saki ɗayan. In bai sauko a hankali da nauyinsa ba, to ko notin tsakiya ya ɗauru da yawa, ko danƙon itace da tsatsa sun cika tsakanin bakunan. Kwance notin, ki jera sassan yadda kika ciro su, ki wanke da kananzir, ki busar, ki ɗiga man keken ɗinki digo 2 ko 3. Idan kin mayar, ɗaure shi sosai sannan ki sassauta kamar kwatan zagaye. Gwada da takarda: in ya yanka ta tsaf, ya yi. In ya tauna ta, ya yi sako-sako, a ƙara ɗaurewa kaɗan.

Tambaya: Zan iya naɗa wayar ɗauri a jikin ƙusa in yi nawa sifirin?

Amsa: Ba za ta yi ba. Wayar ɗauri da ta tagulla masu laushi ne, matsa ɗaya za su kwanta su zauna a haka. Na cikin biro kuwa ba shi da ƙarfin ɗaga hannun almakashi. Sai wayar ƙarfe da aka ƙera musamman don sifirin.