Ku Tambayi Fasto: Na tuba na koma, na sake tuba na sake komawa

Barkanmu da sake saduwa 'yan'uwa cikin Almasihu. Saƙonni sun taru da yawa, uku kawai na ɗauko saboda duk maganarsu ɗaya ce, tuba da addu'a. Kamar kullum mun sakaya sunaye.

TAMBAYA: Baba Fasto ina gaisuwa. Ni saurayi ne ina cikin mawaƙan cocinmu, matsalata cacar ƙwallo ce a waya. Nakan durƙusa inyi kuka ince Ubangiji daga yau na daina, bayan sati ɗaya ko biyu sai in tsinci kaina na koma, har kuɗin da ba nawa ba na taɓa sakawa. Yanzu kunyar Allah nakeji, na daina addu'a gaba ɗaya, Jibin Ubangiji ma (gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu) idan za'a raba sai in fice waje kamar an kirani a waya. Anya Allah bai gaji dani ba kuwa?

AMSA: Ɗana sannu, na gode da ka faɗi abin yadda yake. Amma bari in fara da inda nake ganin haɗarin yafi girma, cacar tana cinka gaskiya ne, to amma daina addu'ar da kayi shine yafi tayar mun da hankali, domin wannan kunyar da kake ɗauka tawali'u ce ba ita bace. A ƙarƙashinta akwai wani tunani cewa sai ka gyara kanka tukuna ka zama mutumin kirki sannan ka dawo gaban Allah da fuskarka, to yaushe kenan? Yesu da bakinsa yace masu lafiya basa bukatar likita sai marasa lafiya (Luka 5:31).

Ka duba Bitrus da Yahuza almajiran Yesu, dare ɗaya suka faɗi. Yahuza yayi nadama fa sosai, ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka bashi don ya ba da Yesu, yace na yi zunubi na ba da marar laifi (Matiyu 27:3-5), amma wajen manyan firistoci ya kai nadamar, su kuma sukace ina ruwanmu, sai ya fita ya rataye kansa. Bitrus kuwa sau 3 yayi musun sanin Yesu yana jin ɗumi a bakin wuta, zakara yayi cara, Yesu ya juyo ya kalleshi, ya fita yayi kuka mai zafi (Luka 22:61-62). Amma bayan Yesu ya tashi daga matattu, suna cikin jirgi, da aka ce masa Ubangiji ne a bakin teku, bai tsaya jiran jirgi ya ƙarasa ba, ruwa ya faɗa ya nufi wanda ya yiwa laifin. A can ya tarar da wutar gawayi an hura, Yesu ya tambayeshi sau 3 ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa tumakinsa (Yahaya 21). Kaga dukansu sunji zafin laifinsu, inda suka kai zafin ne ya raba su. Kai yanzu hanyar fita waje ka kama.

Batun ko Allah ya gaji, wanda ya cewa Bitrus ya yafe bakwai har sau saba'in (Matiyu 18:22) ba zai umarci mutum da abin da shi ya kasa ba. Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin lasisi, Bulus ya riga ya toshe wannan ƙofar a Romawa 6:1-2.

Sannan ka canza irin addu'ar. Naga taka cike take da alkawari, daga yau na daina, bazan sake ba, wato har yanzu ƙarfinka kake gabatarwa. Mai karɓar harajin nan na Luka 18 bai yi alkawarin komai ba, daga nesa ya tsaya ko ɗaga ido sama bai iya ba, yana bugun ƙirji yana cewa ya Allah ka yi mini jinƙai ni mai zunubi, shi ya koma gida baratacce, aka bar Bafarisiye, mai taƙama da addinin nan da suka je addu'a tare, da lissafin azuminsa sau 2 a mako. Dauda ma a Zabura 51 roƙo yayi a halitta masa zuciya mai tsabta, don yasan bazai iya ƙera ta da kansa ba. Ka kira zunubin da sunansa a gaban Allah, kace caca, kace kwaɗayi, kace na taɓa kuɗin mutane, kada ka tsaya a "ka gafarta mana kurakuranmu" na jam'i, ai ranar wanka ba'a ɓoyon cibi.

In ka tashi daga gwiwa kuma akwai aiki. Goge manhajar, rufe asusun, fita daga guruf ɗin da ake turo hasashen wasa. Ka samu mutum ɗaya mai riƙe amana, fastonka ko wani dattijo, ka faɗa masa komai ka bashi dama ya riƙa tambayarka (Yakubu 5:16), in ya kama ma wani ya riƙe maka katin banki na ɗan lokaci to ka yarda. Caca tana kama ƙwaƙwalwa kamar shaye-shaye, neman taimakon likitan da ya san harkar ba rashin bangaskiya bane. Jibin Ubangiji kuma kuyi magana da faston, cewa akayi mutum ya auna kansa sannan ya ci (1 Korintiyawa 11:28), ba'a ce ya auna ya gudu ba.

TAMBAYA: Baba ni mace ce, idan ana addu'ar tuba ina ganin mata suna kuka har da shessheƙa ni kuwa ko ɗigo babu, zuciyata kamar dutse. Ko tubata bata karɓu bane?

AMSA: 'Yata, babu ayar da ta sa hawaye cikin sharaɗin gafara. 1 Yahaya 1:9 cewa yayi in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci kuma zai gafarta mana, amincinsa ne jinginar, ba idonki ba. Isuwa ya nemi albarka da hawaye bai samu ba (Ibraniyawa 12:17), sarki Saul kuma yace na yi zunubi amma a numfashi ɗaya ya roƙi Sama'ila ya girmamashi a gaban dattawa (1 Sama'ila 15:30), wato mutuncinsa ne damuwarsa. Ni nafi yarda da wadda bata yi kuka ba amma ta daina gulmar, akan wadda ta jiƙa gyale Lahadi ta ɗora daga inda ta tsaya Litinin. Ba ina kushe masu kuka bane, wasu haka Allah yayi su. Idan bushewar tana damunki to ita ma ki kai masa, kice Uba ga zuciyata bata jin komai, ki karanta Zabura 32 a hankali ki mai da ita addu'arki, Ruhu Mai Tsarki kuma yana roƙo dominmu lokacin da bamu san me zamu ce ba (Romawa 8:26).

TAMBAYA: Fasto shekarun baya na ci wasu kuɗi a inda nake aiki ba wanda ya sani. Na tuba tuni, dole ne sai na mayar?

AMSA: Ɗan'uwa inaga kasan amsar, da ta kwanta maka da baka rubuto ba. Eh, ka mayar. Mayarwar bata sayen gafara, jinin Yesu ne ya biya wannan, amma kayan mutane har yanzu nasu ne. A shari'ar Musa ma sai an mayar da abin an ƙara kashi ɗaya cikin 5 a kai sannan a kawo hadaya (Firistoci sura 6), Zakka mai karɓar haraji kuwa ba wanda ya tilasta masa yace zai biya ninki 4 (Luka 19:8). Ba nace ka je ka tsaya gaban jama'a ka tona kanka ba. Zauna ka lissafa adadin tsakaninka da Allah, in bazaka iya lokaci ɗaya ba ka raba shi wata-wata, kuma tunda abin yana iya taɓa doka ka nemi shawarar fastonka da lauya mai tsoron Allah kan hanyar da za'a bi kafin ka ɗauki mataki. In wajen aikin ya rushe ko mai kuɗin ya rasu, a nemi magadansa, in an rasa kowa sannan ayi maganar bayarwa ga mabukata. Ka sake rubuto mana muji yadda ake ciki.