Tambaya da Amsa: Wane Maganin Tsutsar Ciki Ya Kamata In Saya wa Dokina?

Tambaya: Na je shagon maganin dabbobi, aka nuna mini allurar ivermectin ta shanu mai araha, da wani mai kauri a sirinji da ake matsawa a baki, mai tsada. Mai shago ya ce duk ɗaya ne. Wanne zan ɗauka? (Mai doki daga Katsina)

Amsa: Alhaji, ɗauki na baki. Sinadarin ɗaya ne, amma allurar shanu ba don doki aka haɗa ta ba. Idan aka soka ta a tsokar doki takan jawo kumburi, wani lokaci ƙwayar cuta ta samu wurin zama naman ya ruɓe, har a rasa dabbar. Arahar da ka gani ba ta kai kuɗin jinyar wuyan ingarma ba.

Kafin ka biya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada ka karɓi wanda ya kwana a rana a bakin shago. Sannan ka san nauyin dokinka, domin a nan yawancin masu dawaki ke faɗuwa: ana ƙiyastawa da ido, a ba shi ƙasa da kima. Samo tef ɗin tela. Auna kewayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, sai tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Dokin da kewayensa 160 ne, tsawonsa 150, zai kai kilo 323. Ana ba da miligiram 0.2 na ivermectin ga kowane kilo, kuma jikin sirinjin yana da alamomin nauyi, sai ka murza zoben zuwa 350. Gara ya ɗan haura da ya gaza.

A tabbatar babu dusa ko harawa a bakinsa, in ba haka ba zai dunƙule maganin ya tofar. Shigar da sirinjin ta gefen baki, inda linzami ke zama, ka matsa can bayan harshe, ka ɗaga haɓarsa har ya haɗiye. Abin da ya zuba ƙasa a kwashe, yana iya kashe kare.

Tambaya: Duk wata nake ba dawakaina magani, amma ɗaya har yanzu a rame yake, ga Hawan Sallah ya matso. In canja mai ƙarfi ne? (Daga Bauchi)

Amsa: Malam, maganin ya yi yawa. Bayarwa wata-wata shi ke sa tsutsa ta saba da shi, ya daina cinta, kuma irin magungunan da ke aiki a kan tsutsar doki ba su da yawa. Babban doki mai lafiya yakan wadatu da sau ɗaya ko biyu a shekara. A Arewa, farkon damina da ƙarshenta sun fi dacewa, tunda a danshi ne 'ya'yan tsutsa ke rayuwa a ciyawa, zafin rani kuwa yana ƙone su. A na ƙarshen damina ka sayi wanda aka haɗa da praziquantel, don ivermectin kaɗai ba ya taɓa tsutsa mai faɗi.

Kuɗin da za ka kashe a kan “mai ƙarfi”, kai kashin kowane doki, sabo, asibitin dabbobi a ƙirga ƙwai. Ƙasa da 200 a giram ɗaya kaɗan ne, dokin da ƙwansa ya haura 500 shi ke buƙatar ƙarin magani. A sake gwaji kwana 14 bayan magani, idan ƙwan bai ragu sosai ba, maganin ya daina aiki a bargarka. Ramammen nan kuma likita ya duba haƙoransa da jininsa. Kada ka ba shi maganin tsutsa mai suna moxidectin a wannan hali, yana illa ga doki marar ƙiba. Ka kuma sa yara su kwashe kashi daga turke aƙalla sau biyu a mako, a daina zuba harawa a ƙasa.

Tambaya: Goɗiyata ta haihu. Yaushe zan fara ba duƙushin maganin tsutsa?

Amsa: Yana wata biyu zuwa uku. Abin da ke damun ƙanana shi ne doguwar farar tsutsa, kuma a wurare da dama ta fi ƙarfin ivermectin. Sayi fenbendazole, miligiram 10 ga kowane kilo, a maimaita idan ya kai wajen wata shida. Idan cikinsa ya riga ya yi tulu, gashi ya yamutse, kira likita tukuna, domin tsutsa mai yawa in ta mutu lokaci guda tana toshe hanji.

Tambaya: Dokina yana goga gindin bindi a bango har gashi ya zube.

Amsa: Galibi wata tsutsa ce da ke saka ƙwai a bakin dubura, gwajin kashi ma ba ya yawan kama ta. Bayan magani, a riƙa wanke ƙarƙashin bindin da ruwan ɗumi da sabulu duk bayan kwana biyu ko uku, a yar da tsumman, a goge bangon da turken da yake gogawa.